Hatimin da Sake-Faɗa Ta Hana Ƙaninta

Wai sayen ta aka yi. Tun da aka ji za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan maganar ta sake tashi: wai abokin hamayyar ƙaninta ne ya toshe mata baki, shi ya sa ta ƙi buga wa ɗan'uwanta na ciki ɗaya hatimi har wa'adin miƙa takardun takara ya wuce. Na ji a wurin telana, na ji a bakin wani mai kiran kansa masanin siyasa. Ni kam na tsufa da haɗiye magana don kawai bakuna da yawa sun tauna ta. Na ɗauki sandata na nufi kotu.

Aikinta rantsar da mutane ne, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Kullum da safe da kanta take goge tebur, ta ɗiga wa hatimi tawada, ta gyara kujera ɗaya tilo da ke gabanta. Ɗaya, domin ba ta rantsar da jama'a a dunƙule. Lokacin zaɓe layi har bakin titi, 'yan takara da ma'aikatan rumfuna kowa na huci. Duk wanda ya zauna sai ta tambaye shi, "Rantsuwa za ka yi, ko alkawari za ka ɗauka da bakinka? Doka ta ba ka zaɓi, hukuncin ƙarya dai ɗaya ne." In ya yi ƙunƙuni cikin gemu ta ce, "Ban ji ba, sake faɗa." Daga nan sunan Sake-Faɗa ya bi ta.

Masinjan kotun ya ba ni labarin wata malamar firamare da ta zo ta ce alkawari za ta ɗauka, don a gidansu ba a rantsuwa. 'Yan layi suka fara yi mata kallon mai shirin maguɗi. Sake-Faɗa ta miƙe ta ce, "Wanda ya san dokar da ta hana alkawari ya matso ya karanta mana." Ba wanda ya matso, malamar ta ɗauki alkawarinta.

"Batun ƙaninta fa?" na tambaye shi.

"Iya, ni ba na shiga faɗan 'yan'uwa. Je ki tambayi matarsa."

Matar ƙanin tana shanya na same ta. "Ni na kai takardun ranar ƙarshe, Iya," in ji ta. "Shi yana wurin gangami, ya ce in kai wa Yaya ta buga. Yaya ta ce, 'Ina mai rantsuwar? Ko ke ce za ki tsaya takarar?' A gabana ta kira shi a waya. Ya ce, 'Haba Yaya, ke da kika goya ni, sai na zo na ɗaga miki hannu kamar baƙo?' Ta ce, 'Na goya ka, amma hatimin nan cewa yake ka rantse a gabana. Ga kujera, ba ka zaune a kanta. Taho yanzu, akwai sauran lokaci.' Tafi ya yi masa daɗi, ya tsaya ƙarasa jawabi. Kafin ya iso hukumar zaɓe ta rufe karɓa."

Tun ranar bai ƙara taka gidanta ba. Ko da ta kwanta asibiti bai leƙo ba. Dangi sun bi bayansa, har sun ce ba mai zuwa walimar sallamarta.

Abin da ke ƙona mini rai, masu yaɗa wannan ƙazafi su ne kullum ke kukan zaɓe ya lalace. To da me yake lalacewa, in ba da irin alfarmar da suka so ta yi ba?

Na koma kotu na tambayi Sake-Faɗa ko tana nadama. Ko kallona ba ta yi ba. "Iya, in rantsuwa ce zauna, in hira ce ba wa na bayanki wuri."

Sake-Faɗa, ke ce mai kujera ɗaya. Ke ce kika zaɓi ƙaninki ya juya miki baya a kan ki shaida abin da idonki bai gani ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Wanda zai gaji ɗakin nan ya gaji halin, dangi kuma su ji kunya su zo walima.

Ba wanda ya ba ta komai. Ƙaninta bai zo ya rantse a kan lokaci ba, ita kuma ba ta buga ba.