Mai Gadin Gwangwani

Baba bai taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. In aka tambaye shi abin da nake yi a Dutse, sai ya ce, "Gadin gwangwani." Ma'aunin ruwan sama da ke bayan ofishinmu yake nufi. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Mu ke rubuta yawan ruwan da ya sauka a garuruwan yankin, har da garinmu Aujara, amma shekara da shekaru a kabad ake kullewa. Na taɓa neman izinin nuna wa manoma, shugabana ya ce sirrin gwamnati ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ya jiƙa kowa?" Saura kaɗan bakina ya ja mini.

Da gwamnati ta ce a buɗe wa jama'a irin waɗannan bayanai, ni aka sa na ɗora namu a intanet. A shekarar kuwa irin geron Baba, wanda ya gada wurin kakanmu, bai cika ƙwarya ba, fari ya ci sauran. In wannan ya ƙone a ƙasa, ya ƙare ke nan.

Ruwan farko na sauka na hau mota sai gida. Na tarar da shi yana gyara sungumi zai fita shuka. Na roƙe shi ya dakata.

Ya harare ni. "Duba kuka koma yi a ofishin?"

"Ba zancen gobe na kawo ba, Baba. Abin da Allah Ya riga Ya saukar ne."

Na buɗe waya ina karanta masa shekara bayan shekara: sau da yawa in an yi na farko, sai ya ɗauke ya daɗe. Can ya tsayar da ni. "Wannan ita ce shekarar da aka haifi ƙanwarka. Sau biyu muka yi shuka." Ya jingine sungumin.

Maƙwabta suka yi ta yi masa tsiya. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don in ruwan ya ɗore, ni na makarar da shi. Sai ga ruwan ya ɗauke. Baba bai zuba irinsa ba sai da damina ta zauna, gero kuwa ya yi.

Bayan girbi Baba ya zo Dutse da kansa, ya ce in kai shi wurin gwangwanin. Ya leƙa ciki, ya goge bakin gwangwanin da hannun rigarsa, sannan ya juya wurin shugabana da ya fito gaishe shi.

"Ɗana ne mai gadinsa," in ji shi.