Birkin da Na Taka a Gaban Masu Takalmin Taya

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ka sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ko matata ba ta san shi duka ba.

A lokacin ni direba ne a wani kamfanin hayar motoci a Doha, ina kwana a unguwar masana'antu ta Sanaiya tare da 'yan uwa masu gadi da masu tuƙi. Ina ji da kaina ƙwarai, don tun daga tashar garinmu har zuwa nan ban taɓa ko gogar motar wani ba. Matsalata ɗaya, ba na iya kallon idon baƙo in ce masa a'a. Kara ce muka tashi da ita, kuma har ranar ina ɗaukar ta abin alfahari.

Da zafi ya fara raguwa, kamfani ya haɗa ni da wasu Turawa 'yan wasan zamiya a kan ƙanƙara. A ƙasarsu kaka ce, ƙanƙarar ba ta zuba ba tukuna, shi ne suka zo atisaye a kan kwalta. Kowa yana ɗaure wani dogon ƙarfe a ƙafa, taya ɗaya gaba ɗaya baya, ya riƙe sanduna biyu yana tunkuɗa kansa. Ranar farko dariya ta kusa kashe ni, na ce wa abokan ɗakina na samu aikin rakiyar manya masu wasan yara. Akwai wata budurwa a cikinsu, ita ce gwanarsu, mai fara'a, har ta sa na koya mata gaisuwarmu. Ita ta juya min takalmin nan a hannu ta nuna min cewa ba shi da birki ko kaɗan. Na yi dariya, amma maganar ta zauna min a ciki.

Ranar doguwar tafiyarsu muka fita bayan asuba zuwa arewa, can wajen gonaki da garken raƙuma, inda sai ka daɗe ba ka ga mota ba. Aikina shi ne in bi su a baya da ruwa, fitilu suna walƙiya. Da hantsi iska ta taso tana dukan fuskokinsu, suka fara jan ƙafa. Kocinsu ya tsayar da ni, ya dafa min kafaɗa, ya roƙe ni in dawo gaba in kare musu iska, su kuma su jeru dab da bayan motar. Ya ce abu ɗaya yake so, kada in taka birki sai na yi oda sun watse. Wallahi zuciyata ta ƙi abin nan. Amma mutum ya dafa ka, yana murmushi, yana kiranka abokinsa, sai na ji bakina ya amsa da to.

Muka ci gaba. A madubi ina ganin fuskar budurwar nan kusa ƙwarai, har ina ganin gumi yana ɗiga daga haɓarta, sauran suna jere a bayanta. Ban da ƙarar sanduna a kan kwalta ba ka jin komai. Sai na fara ganin kashin raƙuma a tsakiyar titi, ɗanye. Can gaba na ga wayar shingen da ke gefen hanya ta kwanta a ƙasa. Na yi niyyar yin oda in tsaya, sai na tuna yadda kocin ya yi ta godiya, na ce bari mu wuce itatuwan can tukuna. Daidai nan hanyar ta ɗan gangara, gudunsu ya ƙaru.

Daga bayan itatuwan raƙumi ya fito, bai ko kalle mu ba. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Ƙafar da ta shekara da shekaru tana tuƙi ita ta taka birkin tun kafin hannuna ya kai ga oda. Ƙarar da na ji a ƙofar baya har yau tana cikin kunnena, sannan na ji ta biyu, da ta uku. Raƙumin ya tsallaka abinsa a hankali. Da na fito, sauran suna ta mirgina suna ihu, budurwar nan kuwa tana kwance shiru, ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na durƙusa ina salati, ina roƙon Allah ya bar ta da rai ko da ni za a ɗaure.

Ta rayu. Kocin ya faɗa wa 'yan sanda gaskiya cewa shi ya ba da umarni, aka sallame ni, kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, shi ma ya ce khalas, magana ta wuce. A wurina ba ta wuce ba. Wata nas 'yar Jos da ke asibitin ta gaya min ƙugu da gwiwa sun farfashe, tafiya za ta yi, amma gasa sai dai ta kalla. Ni aka tura in kai ta filin jirgi. Ta gaishe ni da Hausar da na koya mata. Na tsaya ina kallonta tana dogara sandunan asibiti har ta shige.

'Yan uwana direbobi, musamman mu da ke ƙasar mutane muna tsoron ɓata wa baƙo rai, ku ji ni da kyau. Idan cikinka ya ƙi abu, buɗe baki ka ce a'a, ko waye ya dafa ka. Fushin kocin nan da ba zai wuce na yini ɗaya ba, na guje shi, yarinya ta biya da ƙafarta. Har yau ina tuƙi a Doha, kuma ko a layin unguwar Madinat Khalifa ne, ba na taka birki sai na duba madubi, ina neman fuskarta.