Kawu Idi da Ƙwan Kunkuru

Kawu Idi, yayan mahaifiyata, ba ya tsayar da mota kamar mutane. Hannu yake ɗagawa sama kamar mai rantsuwa, duk jerin motocin da ke bayansa su ci birki, sannan ya waiwayo ya ce, "Masu gida za su wuce." Ku da kuka zo mana gaisuwa a unguwarmu ta Jurf, nan Madina, kuna kwaikwayonsa kuna ƙyaƙyata dariya, ku yi ta yi. Ni wallahi har yau haushinsa nake ji.

Ga wanda bai sani ba, aikinsa jagorar 'yan yawon buɗe ido. A kwaso su daga Madina zuwa bakin teku wajen Yanbu, a ba kowa hular kwano da bagi, 'yar motar yashin nan mara ƙofa, Kawu a gaba. Mutumin Chadi ne, iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar nan, tana hannun mai kamfanin, wato kafil ɗinsa. Burinsa kuwa ɗaya ne tak, ya faɗa har mun haddace: ya mutu a Madina, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. To mai irin wannan buri ai sai ya lallaɓa aikinsa, ko? Ina!

Wata Sallah muka bi shi, ni da maigidana Usman da yara. Rana tana dukan tsakar ka, sai ga hannu a sama. Na miƙe ina leƙe, na ce ko barewa ce. Ƙaguwa! Guda ɗaya tal, tana tafiyarta a karkace, ko alamar sauri babu.

Ɗana Faisal ya ce, "Yalla ya jaddi! Kaka, mu tafi mana!"

Usman ya sassauta murya ya ce, "Kawu, a Haramin Madina aka hana razana dabba. Mu fa tun safe muka baro Harami."

"Da alwalar Masallacin Ƙuba na fito," in ji shi, "kuma ba ta karye ba."

Haka muka zauna muna dahuwa har baiwar Allah ta ga dama ta shige raminta.

Na biyun da bakinsa ya ba ni, wai abin alfahari. Suna hanyar komawa, har an hango kwalta, sai ya ga wani ango yana nuna wa amaryarsa katantanwar da ya tsinto, ashe mai ita yana ciki. Kawu ya juya jerin nan kaf, a koma a mayar da ita inda aka tsinto ta.

Angon ya ce, "Ya ammi, bari in ajiye ta a nan, ai duk yashi ne."

Kawu ya ce, "Kai ma in na sauke ka a Tabuka ai duk Saudiyya ce."

Kafil ya ja masa kunne. Maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sai lokacin da kunkurun teku ke fitowa su binne ƙwai a yashi ya zo. Ɗan kafil ya kwaso abokansa, wai tseren bagi za su yi a daidai bakin ruwa, inda ƙwan suke binne. Kawu ya ce kowa ya kawo makullinsa. Su kuma suka zaci wata ƙa'ida ce, suka miƙa. Ya zuba a hular kwano, ya kife, ya zauna a kai. Dattijo da furfurarsa, jama'a!

Kafil ya bugo waya yana huci. "Idris, iƙamarka ko ƙwan kunkuru?"

"Ai ba su ƙyanƙyashe ba tukuna, ya shaikh."

Da labari ya iso ni ban san sanda na isa ɗakinsa a unguwar Ƙurban ba. Na ce, "Kawu, ƙwai? Ƙwan da ko soyawa ba a yi? Fita za a buga maka a fasfo, ba dawowa! Baƙi'ar fa?" Na yi kuka, na yi masifa, na haɗa shi da girman iyayensa ya je ya ba mutumin nan haƙuri. Usman ya yi ta zirga-zirga har kafil ya yarda zai gan shi. Kawu ya sa farar jallabiya, ya fesa turare, ya tafi. Ya dawo fuska a sake.

Na ce, "An daidaita?"

"Kalas, an gama, 'yata. Na faɗa masa na yafe masa."

Na ɗora hannu a ka. Kai ne za ka yafe? Kai? Wannan wane irin taurin kai ne, don Allah?

Kafin watan ya ƙare aka buga masa fita. A hanyar filin jirgi wuyansa a juye yake yana kallon hasumiyoyin Masallacin Annabi har suka ɓace. Bara ya rasu a Abeshe, can Chadi, a gidan ƙanensa, aka binne shi a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Duk sanda aka idar da salla na ga an ɗauko gawa an nufi Baƙi'a da ita, sai zuciyata ta tafasa. In ce da ya buɗe baki ya ce "yi haƙuri", da yanzu yana nan kusa da mu. Sai kuma hawaye ya ƙwace mini.

Ya Allah, Kai ka san inda bawanka ya so ya kwanta, kuma Kai ka san abin da ya hana shi. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka tashe shi cikin mutanen Baƙi'a.