Muntaka da Gambar Kan Iyaka

Muntaka manomi ne a wani ƙauye arewa da Bacirawa, inda gonaki suka manne wa juna har mutum yana noma yana jin hirar maƙwabcinsa. Gero da wake yake shukawa, da rani kuma ya bi motar hatsi zuwa Dawanau. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne wasan kwaikwayo. Tun yana firamare muryarsa ke cika fili, kuma har ya haura arba'in bai daina ba. Duk shekara bayan girbi ƙungiyar garin takan shirya wasa a filin makaranta. Malam Tahir, malamin Hausa, shi ke rubutawa, Muntaka kuma shi ke fitowa a jarumi.

Bara Malam Tahir ya kawo labarin wani Ɗan Iya, wanda duk damina yakan tuge gambar da ke kan iyakar gonarsa ya matsar da ita taki biyu cikin gonar maƙwabci. Muntaka ya karɓi takardar Ɗan Iya da murna. Sai a gwaji na uku, cikin aji bayan la'asar, ya zo inda Ɗan Iya ke cewa, "Ruwa ne ya kwashe ta, ni mayar da ita na yi." Maganar da shi Muntaka ya yi ke nan a zauren mai unguwa shekara biyu da suka wuce, lokacin da Kamaruddeen, maƙwabcin gonarsa, ya kai ƙararsa. An sasanta su a ranar, kuma mutum biyar kaɗai ke wurin.

Sai ya fara sa ido. Da Malam Tahir ya ce ya riƙa zuwa da koriyar hularsa ta gida, wai ta dace da Ɗan Iya, Muntaka ya ajiye wannan a ransa. Mako bai cika ba kuma ya hango Kamaruddeen, wanda bai taɓa damuwa da wasa ba, jingine da tagar aji yana kallo. Daga nan gwaji ya rikice. Muntaka ya riƙa manta maganarsa, wani lokaci ya sauya ta da gangan don ya wanke Ɗan Iya. Abokan wasa su tsaya suna dubansa, a sake daga farko, a sake, har a kira magariba ba a wuce fitowa ta biyu ba. In wani ya yi dariya, sai ya juya ya ga ko wane ne.

Matarsa Luba ta ce, "Malam, in abin ya dame ka, ka tambayi Malam Tahir mana."

"In na tambaya, na nuna ni ne," in ji shi.

Ya ƙi zuwa gwaji sau biyu. A rana ta uku Malam Tahir ya same shi a gona yana ɗaure karan gero. Bayan gaisuwa Muntaka ya kasa haƙuri.

"Malam, wa ya ba ka labarin nan?"

"Labarin wani kawuna ne a wajen Rimin Gado. Ya ma rasu."

"To maganar ruwa fa?"

"Duk wanda aka kama abin da yake faɗa ke nan."

"Ni dai tawa ruwan ne da gaske."

"Ban ce ba shi ba ne, Muntaka. Ban ma san an yi ba."

Muntaka ya ƙura masa ido, bai ga alamar ƙarya ba, bai kuma ga abin da zai kwantar masa da hankali ba. Ya yi tunanin in ya janye saura kwana shida, garin zai tambayi dalili. Sai ya koma, ya haddace komai yadda aka rubuta.

Ranar wasa fili ya cika. Muntaka ya tuge gamba yana waige-waige, mata suka riƙa dariya har suna riƙe ciki. Washegari dattawa biyu suka je wurin mai unguwa, kowa daban, kowa yana cewa da shi aka yi. Ɗayan har ya rantse tafiyarsa Muntaka ya kwaikwaya. Kamaruddeen kuwa da suka haɗu a bakin masallaci ya miƙa masa hannu ya ce, "Ka iya abin nan, kai ka ce ka taɓa yi." Ya wuce yana murmushi.

Har yau Muntaka bai yanke ko yabo ne ko baƙar magana ba. Bana an ce ya fito a likitan dabbobi. Ya tafi da takardar gida, ya karanta ta sau uku, ya sa Luba ma ta saurara, kafin ya ce ya yarda.