Hamman, ban taɓa barin lasisin ya mutu ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin kiran suna a aji biyar waya ta shigo. Ƙaninsa ne, ya ce Malam Hamman ya rasu.

Kun san abin da ya fara fita bakina? "A wace hanya?"

Ya ce ba hanya ba ce. A gidansa na Yelwa ne. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce kansa na sara masa, ya kwanta a tabarma, shi ke nan. Hawan jini.

Shekara shida ina ce masa hanya ce za ta ci shi. Kullum amsarsa ɗaya: "Sale, in kwana ya ƙare, ko a tabarma kake." Ga shi kuwa.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni da Hamman firamare ɗaya muka koyar a Majidaɗi, shekara goma sha bakwai, ajinsa na jikin nawa. Da muka haura arba'in muka dubi kanmu, muka ce anya haka za mu ƙare, alli ya ci mana huhu, albashi kuma ba ya ganin tsakiyar wata? Sai muka yi shawarar mu koyi tuƙin babbar mota. Ni na kawo shawarar ma, wallahi ni ne.

Duk Asabar muna bakin kogin Mayo-Gwoi wajen masu tifar yashi, ƙatti biyu da furfura, ana yi mana tsawa muna cewa to. Kuma in faɗi gaskiya, na fi shi iyawa. Ribas ɗaya nake yi in shiga inda ake so. Shi sai ya yi sau huɗu yana zufa, direbobi na dariya, shi ma yana taya su.

Rana ɗaya muka karɓi lasisi. Ranar ajiye aiki kuwa shi kaɗai ya je. Ni na ce ina da yara, ina da fansho a gaba. Kamar shi ba shi da su.

Bari in faɗi abin da ba a faɗa a irin wannan rubutu. Na yi wa Hamman hassada. Ba ƴar kaɗan ba.

Na zauna ina jira ya dawo. Na ba shi wata uku, na ƙara masa shekara. Da ya ce bayansa na ciwo, na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Da aka yi sunan ƴarsa yana can mota ta lalace masa a hawan Mambila, ni na tsaya a madadinsa ina raba goro, ina ce wa mutane, "Kun gani ko? Aikin mota ke nan." Duk malamin da ya tambaye ni ko canjin da Hamman ya yi ya biya, sai in lissafa masa shingen hanya da kwanan daji da ciwon baya. Ba ƙarya nake ba, duk akwai su. Abin da ba na faɗa shi ne yadda mutumin ya dawo yana dariya da dukan cikinsa, abin da ban gani ba a shekara goma sha bakwai ɗin nan.

Makarantarmu na kusa da titi. In zai wuce sai ya danna hon sau uku. Yara su ruga taga suna ihu, "Malam Hamman! Malam Hamman!" Ni kuwa in buga tebur da bulala in ce kowa ya zauna. Ba surutunsu ke damu na ba.

Shi kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Doyar Zing, ganyen shayin Mambila, busasshen kifin Ibi. Da maiɗakina ta kwanta asibiti, shi ya fasa lodi ya zo ya ba da jini. Na yi godiya, na koma gida ina jin haushin har a nan ma ya fi ni.

Ranar Alhamis muka yi ganin ƙarshe. Ya yi fakin, ya shigo har ƙofar aji da buhun doya. Ya ce, "Sobajo," haka yake kira na, aboki ke nan da Fulatanci, "Alhajin da nake ja wa mota ya sayi wata, yana neman mutum mai amana. Na ce ina da shi. Lasisinka na nan da rai?"

Na ce ai ya daɗe da mutuwa.

Ya kwashe da dariya har da riƙe ƙofa. "Kai Sale, ji tsoron Allah! Bara na hango ka a layin sabuntawa, ka ja hula ka rufe fuska. Na ƙyale ka ne kawai."

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Gaskiya ne. Tun da muka karɓa ban taɓa bari ya mutu ba, yana cikin walat ɗina, ko maiɗakina ba ta sani ba.

Tun a wurin zuciyata ta amsa. Amma girman kai bai bar ni ba, kada ya ga kamar dama jira nake. Na ce ya ba ni zuwa Litinin in yi tunani.

Ya ce, "Shekara shida ma na jira, bare kwana huɗu."

Yau ce Litinin ɗin.

Bayan azahar muka kai shi. Jama'a, ban taɓa ganin manyan motoci sun jeru a Yelwa haka ba. Direbobi, masu lodi, kanikawa, wata mai abinci daga garin Mutum Biyu da ta ce shi ya kai ɗanta asibiti, ga tsofaffin ɗalibansa. Ina tsaye a sahu ina tambayar kaina, ni in na faɗi yau su wa za su zo? Ku dubi halina, gawa ma ban ƙyale ba.

Muna fitowa daga maƙabarta wani dattijo ya riƙo hannuna ya ce, "Kai ne Malam Sale?" Ashe Alhajin ne. Ya ce, "Marigayi ya hana ni ba kowa makullin sabuwar motar nan. Ya ce in jira abokinsa, wai ka fi shi hannu nesa ba kusa ba, ribas ɗaya kake yi."

A nan kukan ya zo mini. Ni ina bin gari ina rage masa daraja, shi yana can yana yabo na a bayan idona.

Alhaji ya ce in je in yi shawara, ba gaggawa. Na ce a'a, Alhaji, na gama shawara. In an yi addu'ar uku zan zo gareji.

Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Shekarata arba'in da takwas. Amma duk malamin da na taɓa ce wa Hamman ya yi kuskure, ga shi na janye a gaban kowa.

Ya Allah ka gafarta wa Hamman, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce masaukinsa, ka tsaya wa iyalinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. In da saura ku haɗa da ni, Allah ya wanke mini zuciya, don wanda ya kamata in roƙa gafara na ce masa ya jira Litinin.