Yadda Maylis Ta Aurar da Inabinta

Na daɗe ina aikin akawu a ƙungiyar manoman inabi ta yankinmu na Lasseube, a nan kuma na san Maylis Casaubon.

Mahaifinta ya bar musu gona a gangaren tudu, ita da yayanta Bernat. A cikinta akwai tsofaffin itatuwan kamarale, farin inabin nan da ya kusa ɓacewa, wanda ake ɗan zuba ruwansa cikin giyar wasu iri don ƙamshinsa na yaji. Tsohon ya warwatsa su tsakanin wani irin inabi da ake kira mansan, ɗaya nan ɗaya can. Maylis ta ɗauka sakaci ne. Ta yanki rassansu, ta dasa su a fili nasu su kaɗai, can bayan kurmi.

Suka girma, ganye shar, fure ko'ina, amma ba 'ya'ya. Shekara ta zagayo, haka dai.

"Ganye za mu matse?" in ji Bernat, a gabana. "In bana ma ba su yi ba, tumɓuke su zan yi in shuka masara."

"Taɓa su ka gani, Yaya."

"To, ki zuba ido."

Ta koma tsohuwar gonar, ta yi ta kallon itatuwan mahaifinta da ba su taɓa fasa haihuwa ba. Sai ta gane. Furen kamarale mace ne zalla, ba ya ɗaukar 'ya'ya sai garin furen maƙwabci ya sauka a kansa. Ita kuwa ta raba su da maƙwabta.

Sabon dashe zai ɗauki shekaru, Bernat ba zai jira ba. Da fure ya buɗe, ta riƙa yanko rassan mansan masu fure, tana bin layi tana kaɗa su a kan nata, sauran ta ɗaure a jikin wayar da inabin ke hawa. Masu wucewa suka samu abin dariya.

"Maylis, yau ma ɗaurin aure? Ba gayyata?"

"Ku dai jira haihuwa!"

Da kaka Bernat da kansa ya jawo amalanke har bakin sikelina, kwanduna cike da ƙananan 'ya'ya ruwan zuma.

"Akawu, duba da kyau, kada ka rubuta mansan," in ji Maylis.

"Ai ni dama na san za su yi," in ji Bernat.

Ma'ajin ƙungiyarmu, da ke tsaye kusa da ni, ya fashe da dariya.

Da sanyi ya shigo, su biyu suka dasa mansan a tsakanin layukan. Masu dariyar nan suka fara zuwa roƙon rassa, ita kuwa ba ta hana kowa ba.