Ranar da Tonton Kablan Ya Juya Kujerarsa

Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, ɗiyarka Adjoba ta zo rumfata ta ce ka cika. Na bar kifi a kan wuta har ya ƙone, Tonton Kablan, kawunmu.

Shekara talatin kana zane a gindin kwakwar da ke kusa da ni, nan bakin tekun Bassam, amma kullum ka juya wa ruwa baya. Tsoffin benayen Turawa da gishiri ya ci, marina da kayansu, 'yan Abijan masu zuwa shan iska ran Lahadi, duk ka zana su. Wanda ba shi da ko sisi ma sai ka zana shi ka ce ya tafi. Teku kuwa ka ƙi, tun da ya haɗiye ƙanenka Ezoua da kwalekwalensa. In baƙo ya nace sai ka ce, "Ga shi can kyauta, je ka kalla. Ni ba ma magana da shi."

Bara idonka ya fara dushewa. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Tonton, haka za ka makance kuna gaba da teku?"

Ka ce, "Ahou, kula da kifinki."

Na ji tsoro ƙwarai kada duhu ya riga ka.

Sai wata Asabar cikin Janairu muka ga ka ɗaga kujerar nan ka fuskanci ruwa. Wayyo daɗi! Na rangaɗa guɗa, masunta suka yar da raga, masassaƙa suka baro aiki a guje, bakin teku ya cika kamar ranar biki. Kana ta masifa: "Ku matsa, ba ku taɓa ganin tsoho ba? A nemo min shuɗi, duk wanda ke garin nan!"

Kwana tara kana yi, hancinka kusan manne da allo. Da ka gama muka ga teku a jikin allon yana tumbatsa, ga kwalekwale ya doso gaɓa, mutum ɗaya tsaye a ciki.

Na ce, "Wane ne wannan?"

Ka ce, "Ke ma kin sani. Ya daɗe a waje, na dawo da shi gida."

Mun yi dariya, mun yi kuka, kai ma ka yi.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Uwargida Tanti Ebah, Adjoba da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuma Tonton, Allah ya sada ka da Ezoua.